Dattin da Auta Take Reno

Tun da Auta ta kafa akwatin gilashin nan na kiwon kifi a kusurwar falo, ba ta huta da bakin yayanta ba. Ruwan gishiri ne a ciki, da duwatsun teku masu ramuka, da guntun jatan lande da ta jefa da gangan don ya ruɓe. Kifi kuwa ko na rantsuwa babu.

"Auta, kifayen naki kunya gare su irin taki?" yakan ce, yana leƙa bayan dutse. "Ko sai da tabarau ake ganinsu?"

Ta gaji da bayani. Mai shagon kifi ya ja mata kunne cewa sabon ruwa dafi ne. Sai wasu ƙananan halittu da ido ba ya gani sun hayayyafa a jikin duwatsun, su ne za su riƙa cinye gubar kashin kifi. Ya ajiye mata kifaye biyu, jajaye masu farar ɗamara, amma ya ce iyakarsa ƙarshen makon nan, don akwai mai so.

Kullum ta dawo aiki, kafin ta cire takalmi, sai ta ɗebi ruwan a 'yar kwalba ta ɗiga maganin gwaji. Kore guba ne, rawaya lafiya. Makonni tana ganin kore kamar an yi mata baki. Sai a wannan makon ya fara dusashewa, gansakuka mai ruwan ƙasa ta lulluɓe duwatsun. Mai shagon ya ce an kusa.

A makon ne kuma Mama ta dawo daga jinyar ƙanwarta.

Washegari da yamma, ƙamshin sabulu ne ya tari Auta tun daga ƙofa. Gilashin na ta ƙyalli, babu ko ɗigon ruwa. Duwatsun an jera su a faranti bakin taga, fari fat.

"Kin gani?" in ji Mama, tana goge hannu. "Ban san yadda kika zauna da ƙazantar nan ba. Har da mushe a ciki! Sai da na sa tsohon buroshi na bi ramukan ɗaya bayan ɗaya."

"Mama... dattin nan shi nake jira."

"Datti? Yau na ji ikon Allah. Abin da aka koya miki a jami'a ke nan?"

Yaya ya fashe da dariya har yana dafa kujera. Maganganu suka cika bakin Auta, sai idonta ya sauka kan yatsun Mama, duk duwatsun sun kakkarce su. Ta haɗiye maganar.

Ta fita baranda ta kira mai shagon. "Ka ba wancan mutumin kifayen," ta ce. Ya fara jajantawa, ta kashe wayar.

Ta dawo ta kwashi duwatsun ta zuba a bokiti, don sai sun sha jiƙo kafin sabulun ya fita. Mama na tsaye a kanta, muryarta ta yi ƙasa.

"To yanzu sai yaushe?"

"Sai ya sake yin datti."

Mama ta daɗe tana kallon gilashin. Can ta juya ga Yaya. "Kai kuma rufe mana baki. Ɗauko mata gishirin."