Akuyar Turai da Ƙotar Sidi

Turai tana tsakiyar sussuka Barakatu, matar ƙanen mijinta, ta leƙo ta kan danga ta ce mata ta je bayan gari ta ɗauko akuyarta. Barakatu ta sunkuyar da kai ta koma gida.

A bakin gonar waken Sidi ta tarar da ita, jar akuyar nan mai tsohon ciki, tana kwance da guntun igiya a wuya, ƙafar baya ɗaya tana rawa. Sidi, mijin Barakatu, yana tsaye riƙe da ƙotar hauya.

"Sau nawa zan faɗa, Yaya? Wakena ba kiwonta ba ne."

"A ciki ka buge ta?"

"Inda ƙota ta samu."

Turai ta sunkuya. Ta tallabo akuyar, rabi ɗauka rabi ja, har gida. Kafin la'asar naƙuda ta taso, alhali da sauran kwanaki. Na farko ya fito ba rai. Na biyu 'yar mace ce, jiƙe sharkaf, ba ta fi tafin hannu biyu ba, numfashinta da ƙyar. Turai ta sa yatsa ta kwashe majinar da ta toshe mata hanci, ta yage gefen tsohon zane ta yi ta murza ta har ta yi wani ɗan siririn kuka. Uwar ko kallonta ba ta yi ba. Sai da Turai ta barbaɗa wa 'yar gishiri a baya ta kai ta bakin uwar, sannan ta fara lasa. Tsayuwa kuwa ta gagari akuyar, don haka Turai ta durƙusa ta ɗaga mata cinya, ta matso dakashi, nonon farko mai kauri, ta shafa wa 'yar a leɓe har ta kama.

Tana nan durƙushe mijinta Maina ya shigo, Sidi na biye da shi da wuƙa a hannu.

"Turai, ki yi haƙuri," in ji Maina. "Wannan ba za ta tashi ba. Gara a yanka kada ta yi mushe."

Ta dubi wuƙar, ta dubi mai riƙe da ita.

"Shi zai yanka? Da rana ya buge ta, da yamma ya zo cin nama?"

"Ɗan'uwana ne, ki iya bakinki."

"Malam, da waken da ta ci ya zo ya nuna mini, da na auna masa nawa na ba shi. Ni na yi renonta tun tana shan ruwan dusa a ƙoƙo. Wanda ya taɓa wuyanta, sai dai ya fara da hannuna."

Sidi ya yi tsaki ya fita. Turai ta miƙe, ta ɗauki mataccen ɗan akuyar ta bi bayansa. A ƙofar gidansa maza suna zaune kan tabarma suna jiran magariba. Ta ajiye gawar a gaban takalminsa.

"Ga rabonka. Wannan kai ka yi aikinsa, kai za ka binne."

Ta juya ta koma gida.

Da safe ta ari wayar maƙwabciya ta kira malamin dabbobi na garin Dungas. Ya zo a kan kabu-kabu, ya yi wa akuyar allura, ya taɓa ƙugunta ya ce ƙashi ya goce, in ta rayu da ɗingishi za ta rayu. Turai ta mayar da uwa da 'ya cikin ɗakin girkinta. Kullum ta dama dusa da ruwan ɗumi da ɗan kanwa, ta juya akuyar daga wannan gefe zuwa wancan kada jikinta ya yi gyambo, ta riƙe ta a sha nono. Maina ya yi ta ƙorafin warin fitsari a tuwo. Ta ce masa gidan ƙanensa ba nisa.

Ranar da akuyar ta miƙe da ƙafa uku, 'yar tana tsalle a ƙarƙashinta, Turai ba ta kira kowa ya gani ba.

Bayan an cire wake, Barakatu ta shigo da damin harawa a ka, ta sauke a tsakar gida.

"Yaya, ya ce a kawo wa akuya."

"Shi ƙafarsa ce ta karye?"

"Kunya yake ji."

Turai ta kwance damin, ta zaɓi mai ganye ta zuba wa akuyar, ta ɗora sauran a kan rumfa.

"Ke zauna ki sha fura, ba ke kika yi mini ba. Shi kuwa ki gaya masa harawa ta iso. In yana da magana, ya san ƙofar gidan nan."

Sidi bai zo ba. Har aka yaye 'yar akuyar, in sun haɗu a hanyar rijiya, shi yake ratsewa cikin kara ya ba ta hanya.