Ta Bukkuyum

Wata uku Lukman ya yi yana koya wa mahaifiyarsa, Inna Turai, yadda ake amsa tambayoyin biza. Kullum ya taso daga makarantar da yake koyarwa a Gummi sai ya biyo ta gida, ya zauna bakin tabarma, ya murtuke fuska wai shi ne Baturen ofishin biza.

"Kwana nawa za ki yi?"

"Arba'in da 'yan kai. In anka gama wanka in dawo."

"Mi za ya maishe ki gida?"

"Shinkahwata tana hwadama. Wa zan bar ma ita, kai?"

Wadda za a je dominta ita ce Nusaiba, 'yar farin Inna, mai aikin jinya a ƙasar Turawa. Ciki ne da ita, na fari, ya tsufa, kuma a can babu mai dafa mata ruwan wankan jego, balle kunun kanwa. Matan unguwa suka samu abin tsokana, kowa ta shigo sai ta ce Turai za ta Turai. Ita dai ba ta kula su ba. Ta daka yaji, ta ƙulla kanwa, ta ɗinka zannuwa biyu masu kauri saboda an ce mata sanyin can ba ya jin magana.

Lukman ya tambaye ta komai, har launin ƙofar gidan da za ta sauka. Abu ɗaya ne bai tambaya ba, don shi ma a cikinsa ya tashi, ba ya ko ganinsa. Shekara talatin da ɗaya Inna ba ta taɓa kiran sunan Nusaiba ba. Kunyar ɗan fari ce, haka ta tarar da uwarta, haka uwarta ta tarar. Tun daga yaye kakar yarinyar ta ɗauke ta zuwa Bukkuyum, shi ke nan ta zama Ta Bukkuyum a bakin Inna. In kuwa suna ɗaki ɗaya, "ke" ta wadatar.

Ranar ganawa, a Abuja, aka tsayar da Lukman a bakin ƙofa. Inna ta shiga ita kaɗai, ta bi layi har ta iso gaban wata taga ta gilashi. A ciki wata Baturiya ce da takardu, gefenta wani tafinta mai Hausar rediyo.

"Ana tambaya, wa za ki je gani?"

"Ta Bukkuyum."

Baturiyar ta duba takarda, ta juya ta. Babu Bukkuyum a ko'ina.

"Sunanta ake so, Hajiya."

Inna ta sunkuyar da kai, ta gyara mayafi. Ga mutane a baya suna ji, ga namiji baƙo yana kallonta. Sunan yana nan a bakinta kamar tsakuwa a cikin tuwo, ta kasa haɗiyewa, ta kasa tofarwa.

"Yana nan ga takarda, ɗana. Ka karanta mata."

"To mece ce ita a wurinki? 'Yarki ce?"

Nan ma Inna ta amsa yadda duk macen da ta san kanta za ta amsa a Gummi.

"Ɗiyar mai gidanmu ta."

Tafinta ya waiwaya wurin Baturiyar. Allah kaɗai ya san ko ya gane, amma aikinsa ya juya abin da aka faɗa, kuma ya juya shi tsaf: 'yar mijinta ce. Takarda ta ce uwa, baki ya ce matar uba, kuma ga mace ta kasa faɗin sunan wadda ta ce za ta je gani. Baturiyar ba ta yi faɗa ba, har murmushi ta yi. Ta turo fasfo ta ƙarƙashin gilashin tare da wata farar takarda.

A waje Lukman ya karanta takardar sau biyu, ya ga an hana ta biza, ya sa ta maimaita masa abin da aka yi. Da ta kai wurin mai gidanmu sai ya nemi gefen kwalbati ya zauna. Inna ta tsaya tana jira ta ji wani abu a ƙirjinta, baƙin ciki ko haushi, ba ta ji komai ba. Ƙafafunta ne kawai suke ciwo. A mota har Gusau, har Anka, gonaki kawai take kallo suna wucewa. Da aka nemi wata ranar ganawar, aka ce sai bayan wata bakwai.

Kwana goma sha tara da dawowarsu Nusaiba ta haihu, mace. Washegari da la'asar Lukman ya kawo waya, suka tsaya a bayan rumbu, inda sabis yake ɗan kamawa. Fuskar Nusaiba ta fito, ta kumbura, ita kaɗai a gadon asibiti, mijinta ya koma aiki.

"Inna, Lukman ya gaya mani komi."

"Kin samu ruwan zahi?"

"Sunana kaɗai fa sunka tambaye ki."

"Ki riƙa ɗaure cikin da zane."

"Inna." Muryar Nusaiba ta karye. "Ni ban taɓa jin shi ga bakinki ba. Ko sau guda. Kin ma san shi?"

Lukman ya juya baya, ya matsa can wajen turken akuya. Inna ta kalli katanga, ta kalli ƙasa. Ta daɗe. Sannan ta kawo wayar daf da bakinta, ta faɗa a hankali.

"Nusaiba."

Ashe sunan gajere ne, bai kai numfashi ɗaya ba. Sama ba ta faɗo ba, akuya ma ba ta ɗaga kai ba. Ta tsaya tana jiran amsa. Fuskar da ke cikin wayar ta tsaya cak, baki a ɗan buɗe.

Lukman ya dawo ya leƙa.

"Inna, ai ta katse tun ɗazu."

"To," in ji ta.

Ta miƙa masa wayar, ta shiga ɗaki ta kwance ƙullin yajin, ta shanya shi a faranti don kada ya yi fumfuna kafin wata bakwai.