Tarin da Juwairiyya Ta Haɗiye

"Rungume filon sosai. To, yi tarin."

Juwairiyya ta ƙanƙame filon a ƙirji, ta ja numfashi, har majinar ta fara motsi a ciki kamar talge a tukunya. Sai aka yi sallama a tsakar gida. Nan take ta haɗiye tarin, ta ja mayafi ta rufe ɗinkin.

Ran Hapsatu ya ɓaci. Katanga ɗaya ta raba gidajensu a Zandam, kuma ita ta yi jinyarta a Kano, lokacin da likitoci suka tsaga ƙashin ƙirjin, suka canja wata 'yar ƙofar zuciya da ta lalace, suka ɗaure ƙashin da waya. Aiki ya yi kyau. Amma ranar sallama daga asibiti, Malama Khairiyya, ma'aikaciyar sashen gashin ƙashi, ta riƙe hannun Hapsatu ta ce, "Likita ya gama nasa, saura naku. Ta riƙa takawa kullum, ta riƙa tari tana tofarwa ko da ciwo. In majina ta kwanta a huhu, ita za ta kai ta, ba zuciyar ba."

To, ga tari ga kunya. Juwairiyya jinin Fulani ce. Fillanci ya bi kakanni, amma kunyar ta zauna daram. Matar da ba ta taɓa kama sunan ɗanta na fari ba, ita za ta yi kaki a gwangwani gaban surukai? Ɗakin kuwa tun hantsi ba ya rabo da 'yan dubiya. Kowa so yake ya ga wadda aka buɗe wa ƙirji kuma ta dawo da ranta.

Mai sallamar Hajiya Turai ce daga Farin Dutse, uwar mijin 'yar Juwairiyya, da kwanon fura a hannu. Ta zauna tana kukan ciwon baya. Kafin Hapsatu ta ankara, Juwairiyya ta miƙa mata filon.

"Jingina, Hajiya."

"Na magani ne fa," in ji Hapsatu.

"Yau kuma filo ne magani?" Hajiya ta yi dariya ta gyara zama. "Ke kuma na ji an ce zagaye gida kike sa ta. A tsaga mutum kamar kabewa, sannan a hana shi kwanciya? Ki ji tsoron Allah, Hapsatu."

Har la'asar ana hira. Hapsatu tana kallon maƙogwaron ƙawarta yana hawa yana sauka, idanunta sun cika da ƙwallar tarin da take dannewa, amma bakinta bai daina "Na gode, Allah ya bar zumunci" ba.

Da yamma Hapsatu ta tare Ikrima, babban ɗan Juwairiyya, a zaure.

"Ka tsaida mutanen nan a nan. Su gaishe ka, ka isar mata."

Ya sunkuyar da kai. "Inna Hapsatu, wa ya taɓa korar mai dubiya? Waɗannan su suka yi mana karo-karo har aka yi aikin. Da wane ido zan kalle su?"

Gaskiya ya faɗa, kuma gaskiyar ce ta fi yi mata ciwo.

Washegari ta tsaya da kanta a bakin ƙofa, ta ce wa matan da suka zo mara lafiya tana barci. Sai murya ta fito daga ciki, siririya: "Ku shigo, idona biyu." Da suka watse, Juwairiyya ta kamo gefen zanenta.

"Kar ki ƙara yi min haka. Mutum rahama ne."

"Rahamar za ta kashe ki."

"In kwana ya ƙare, ko ba baƙo zan tafi."

Zazzaɓi ya zo kafin Juma'a ta zagayo. Numfashin ya koma guntu-guntu, leɓɓanta suka yi duhu. Aka ɗauko mota zuwa asibiti a Birnin Kudu, Ikrima a gaba kusa da direba, Hapsatu a baya da kan ƙawarta a kafaɗa. An manta filon, sai ta cire mayafinta ta dunƙule, ta danna mata a ƙirji.

"Ba baƙo yanzu. Don girman Allah ki yi tarin."

Juwairiyya ta buɗe ido, ta dubi ƙeyar ɗanta.

"Yaron nan yana ji," ta ce a hankali.

Ikrima ya sa direba ya tsaya. Suka fita su biyu, suka tsaya bakin wata gonar riɗi, suka ba motar baya. Juwairiyya ta yi ƙoƙari, Allah shaida ta yi. Ƙirjin ya ɗaga, ya sauka, ba abin da ya fito sai 'yar shessheƙa. Hapsatu ta yi ta shafa mata baya tana biya mata kalmar shahada, har ta ji nauyin kan ya canja a kafaɗarta. Ta daɗe kafin ta ƙwanƙwasa gilashi.

Ranar sadakar uku ɗakin ya fi kullum cika. Hajiya Turai tana kuka na gaske, tana cewa, "Mace mai kunya, ko tari ban taɓa jin ta yi ba." Mata suka amsa da Allah ya jiƙanta.

Hapsatu tana zaune a lungu da filon a cinya. Wata ta zuba turare a kasko, hayaƙin ya shige mata maƙogwaro. Ta rungume filon sosai, ta ja numfashi. Sai ta ɗaga ido ta ga jama'a, ta haɗiye.