Ƙwayar Inna a Cikin Fura

Da Likita Muntari ya rasu a Gummi, a daminar 1984, ƙanensa Malam Dabo ya taso daga Sakkwato da jawabi shafi tara a aljihu. Digirinsa na tarihi ne, ya ɗauka a wurin makoki za a nemi mai jera shekaru. Aka yi addu'ar uku, aka yi ta bakwai, ba wanda ya nemi jawabin. Mutane suka yi ta faɗin nasu a tsaye: wanda Likita ya ɗinke wa ƙafa a bakin fadama, da Bafillatanar da ya bi har ruga a kan babur ya karɓi haihuwarta.

Abin da mamacin ya bari ba a rubuce ba shi ne Inna, mahaifiyarsu, da hawan jininta. Tun ranar jana'iza ba ta sha magani ba. Ƙafafunta sun kumbura, kanta na sara.

Dabo ya fara da abin da ya iya. Ya zauna ya yi mata bayanin jijiyoyi na rabin awa, har da zane a ƙasa. Inna ta saurara, ta ce Allah ya ƙara ilimi, ta juya masa baya.

Hamsatu, matar marigayin, tana cikin takaba, ta kira shi bakin ƙofa.

"Malam Dabo, Inna ba ta shan maganin asibiti, ta rantse. Shekara shida yayanka shina niƙe ƙwayar, shi dama mata cikin fura da hannunai, kullum da safe. Ba ta sani ba."

Washegari mai digiri ya durƙusa a gindin murhu yana murƙushe ƙwaya da bayan cokali. Rabin ƙwayar ya yi tsalle ya faɗa toka. Furar ta fito da gudaji kamar tsakuwa. Ya kai wa Inna yana murmushin ɓarawon da bai ƙware ba.

Ta kai ludayi baki sau ɗaya, ta ajiye.

"Ba ka niƙe ta da kyau ba."

"Me, Inna?"

"Ƙwayar. Yayanka har zuma shika sawa."

Ko a yanzu ba ta kama sunan ɗanta na fari ba.

"Ashe kin sani?"

"Ni da nika shan fura tun ba a haifi ubanku ba? Tun ranar farko na ji ɗaci."

"To don me kika bar shi yana wahala?"

Inna ta ture ƙwaryar furar gefe.

"Da na karɓa da hannu, miƙo min zai yi shi wuce asibiti, marasa lafiya na jira. Damu kuwa sai an zauna. Shi dama, in sha a hankali, shi ba ni labarin gari."

Dabo ya lissafa a zuci: cikin shekara shidan nan, zuwansa gida bai wuce na sallah ba, shi ma da jarida a hannu.

"Miƙo min wata in haɗiye," in ji Inna. "Kar ka ƙara ɓata min fura."

Ta haɗiye da ruwa, ba ko yamutsa fuska. Ya yunƙura zai tashi.

"Ina za ka? Damun ne na yafe maka, ban yafe zaman ba."

Ya koma kan tabarma, yana laluben labarin garin da bai san kowa a cikinsa ba.