Haƙoran Baba Zamani

Baba Zamani ya kafa haƙoransa a gasasshiyar masara a gabanmu duka, ya ɓantaro layi guda, ya tauna a hankali domin kowa ya ji ƙarar. Matan layinmu suka yi guɗa. Babana, wanda suka yi aikin reluwe tare har suka yi ritaya, ya matsa kusa, ya ce ya buɗe baki ya gani.

"Ba irin na zubawa a kofi ba ne," in ji Baba Zamani. "Da noti aka ɗaure su, kamar layin dogo."

Ɗansa Kumai ne ya kai shi Jamus. A can likitoci suka dasa masa ƙusoshin ƙarfe a ƙashin muƙamuƙi, suka jira watanni har ƙashin ya kama su, sa'an nan suka ɗora haƙora sama da ƙasa. Ya bar Kafanchan da baki a motse kamar na babana, ya dawo yana murmushin saurayi.

Ajinmu ɗaya da Kumai, kuma bai taɓa wuce ni a jarrabawa ba. Shi ya samu tallafin karatu ya zama injiniya a Turai. Ni na gama digiri a ilimin halittu, na yi bautar ƙasa, na dawo ɗakin da aka haife ni, ina koya wa 'ya'yan mutane darasi da yamma. A da tsofaffin biyu kan sha faten acca a kwano ɗaya, domin shi ne abin da dasashinsu ke iyawa. Yanzu Baba Zamani kan zo da tsire a takarda, babana kuwa ya tsotsi yajin, yana cewa Ubangiji ya yi wa yaron nan albarka. Kowace albarka da ya sa wa Kumai, sai in ji kamar daga rabona aka yanko ta.

A damina ta biyu bayan dawowarsa ciwon maƙogwaro ya kama Baba Zamani. Nama ya fara gagarar sa, sai tuwo, daga baya har kunu. Ya rame, fuskarsa ta shige ciki, haƙoran suka rage farare a jere, sun yi wa fuskar yawa. Wata rana na raka babana dubiya. Mama Selina, matarsa, tana yi masa fifita, zumuntar mata sun gama addu'a sun fita. Baba Zamani ya kama hannun babana.

"Arzika, in na tafi, ka kwance su ka saka. Kada a binne kuɗin yaro a ƙasa."

Babana ya ce ya daina irin wannan magana, amma na ga yadda idonsa ya sauka a kan bakin. A hanyar gida ya tambaye ni ko bakinsu zai zo daidai. Na san amsar. Na san ƙashi ya riga ya haɗe da ƙarfen, kuma ba a yi wa kowa irinsu sai da awon bakinsa. Amma faɗin haka daidai yake da faɗin cewa hanya ɗaya ce ta rage, ita ce ɗa mai iya biyan kuɗin jirgin sama. Na ce masa sai an gwada.

Kumai ya iso kafin ƙarshe, da turarensa da Hausarsa da ta fara karkacewa. Baba Zamani ya rasu ranar Talata da safe, ana yayyafi. A wurinmu abokan tsufa ne ke wanke mamaci su shirya shi, saboda haka babana ya shiga ɗakin tare da dattawa biyu, ni da Kumai muka kai ruwa. Da aka gama wankan, babana ya ciro wani ƙunshi daga aljihu, ya warware: ƙaramar sifana ce da sukudireba, na tun zamanin aikinsa, ya goge su har suna sheƙi. Ya buɗe bakin abokinsa a hankali, yana neman kan notin da yatsa.

Na jira Kumai ya yi fushi. Da ya yi, da na ji sauƙi. Sai ya durƙusa, ya riƙe hannun babana, ya yi masa bayani da ladabi cewa haƙoran sun zama ƙashin mahaifinsa, ba sa fita, ko sun fita ba za su zauna a wani baki ba.

"Baba, ku bari a gama jana'iza. Ni zan kai ku, a yi muku naku."

Dattawan suka ce Allah ya ƙara masa. Ni kuwa na riƙe bokiti, ina kallon ƙasa, ina jiran in ji babana ya zama na wani. Babana ya naɗe kayan aikinsa, ya rufe bakin mamacin, ya ɗaure haɓar da farin ƙyalle, sa'an nan ya amsa.

"Na gode, ɗana. Amma Obadiya yana nan. Da ya samu aiki zai yi mini."

Bai dube ni ba da ya ambaci sunana. Ya faɗe ta kamar yadda yake faɗin lokacin isowar jirgin ƙasa.

Bayan an dawo daga maƙabarta aka raba shinkafa a ƙarƙashin rumfa, aka sa wa babana tsokar akuya babba, rabon aminin mamaci. Ya juya ta da cokali, ya bar ta a gefen faranti. Na jawo kujerata kusa da tasa, na wanke hannu, na fara yagar naman sili-sili ina ajiyewa a kan shinkafarsa, shi kuma yana ɗauka ɗaya bayan ɗaya, yana kallon ruwan da ke ɗiga daga bakin tamfol.