Takabar Zulaihatu

Tun tana budurwa a gidan mahaifinta Zulaihatu ta saba da zaman bayan sallar asuba. Mahaifin nata malami ne, shi ya ba ta wuridi ya ce ta riƙe, ta kuwa riƙe. In ta sallame sai ta jingina da bango, ta ja carbi har hantsi ya leƙo ta ƙofar ɗaki. A zaman nan tana samun wani abu da ba ta taɓa iya bayyana wa kowa ba. Ƙirjinta yakan yi sanyi, carar zakaru da ƙarar turmin maƙwabta su yi nisa, ta ji kamar ana dubanta da rahama.

Da aka kai ta gidan Malam Sha'aban, a wani ƙauye da ke gefen madatsar ruwan Watari, ba ta rasa wannan zama ba. Sha'aban manomi ne, da damina gero da gyaɗa, da rani tumatir da albasa. Mutum ne mai kawaici. Ya lura da al'adar matarsa, bai taɓa ce mata ta tashi ta dama masa koko ba. Sai dai ya ɗauki furar da ta ajiye tun jiya, ya saɓa fartanya, ya fice a hankali don kada takunsa ya dame ta. A haka suka haifi 'ya'ya suka aurar. Babban ɗansu Kamaruddeen yana jan motar haya tsakanin Ɗanbatta da Kano, 'yarsu Ummu Salma kuma tana aure a Gezawa. Gida ya rage su biyu da awaki, zaman safiyar Zulaihatu ya ƙara tsawo.

Wata kaka, ana tsakiyar yankan gero, Sha'aban ya yanke jiki ya faɗi tsakanin kunyoyi. A amalanke aka kawo shi gida. A asibiti aka ce hawan jini ne, ɓarin jikinsa na dama ya shanye. Ya dawo ba ya iya tashi zaune, harshensa ya karye, magana sai wanda ya saba da shi zai gane. 'Ya'yan suka zo suka yi kwanaki, sannan kowa ya koma inda cinsa yake. Jinya ta rage a hannun Zulaihatu.

Ita ce juya shi don kada gefe guda ya ruɓe, ita ce ɗora ruwan ɗumi, ita ce wanke shi da shafe masa baya da man kaɗanya. Ta ba shi kunu da cokali, rabi ya shiga, rabi ya gangaro ta gefen baki, ta goge ta sake. Ga wankin zannuwa kullum, ga surfe, ga awaki na kukan harawa. Da yake muryarsa ba ta kaiwa tsakar gida, sai ta ajiye masa cokali da kwanon sha kusa da hannun hagu, in yana bukatarta ya buga.

Bugun nan ba shi da lokaci. Tana tsaye a salla za ta ji shi, hankalinta ya rabu, ta rasa raka'a ta nawa take. Sau da yawa ta sallame tana shakka, ta yi sujadar mantuwa a gurguje ta nufi ɗakinsa. Carbinta ya daɗe rataye a ƙusa. In ta samu ɗan sukuni ta zauna, barci ne yake ɗaukarta, ko kuma tunanin sabulu ya ƙare. Sanyin nan da take ji a ƙirji ya ɗauke gaba ɗaya. Ba ta yi wa kowa ƙorafi ba, amma a ranta tana jin an ƙwace mata wani abu, kuma tana jin kunyar wannan tunanin.

A damina ta biyu, wata safiya an kwana ana ruwa, gari ya yi luf. Ta idar da salla ba ta ji motsinsa ba, sai ta sauko da carbin ta jingina da bango. Ta fara ja ke nan, ta ji kamar abin nan da ta yi kewa yana matsowa, sai cokali ya bugi kwano. Ta runtse ido, ta ce bari ta kai ƙarshen wannan zagayen. Ya sake bugawa. Ta ce saura kaɗan. Daga nan bugun ya tsaya, ita kuma ta ci gaba.

Da ta shiga ta tarar da shi rabin jikinsa a ƙasa. Ya yi ƙoƙarin janyo fo da kansa, ya zamo daga katifa, ya ɓata jikinsa. Bai dube ta ba. Ta ɗaga shi da ƙyar, ta wanke shi, ta sauya shimfiɗa. Sai da ta zo gyara masa matashi ya ga carbin a wuyan hannunta. Ya daɗe yana kallonsa, sannan ya yi ta kokawa da harshensa har maganar ta fito.

"Zulai, na raba ki da Ubangijinki."

"Haba Malam, wace irin magana ce wannan? Daina faɗa."

Ta faɗa da sauri, amma ba ta iya haɗa ido da shi ba, shi ma ya ga hakan.

Daga ranar Sha'aban bai ƙara buga kwano da safe ba. Tun daga asuba har hantsi ɗakinsa shiru. Da farko ta ɗauka barci yake samu, har ta ji daɗi. Sai daga baya ta gane a jiƙe yake kwanciya yana jira, idonsa biyu. Ta roƙe shi, ta yi masa faɗa, ta ce in bai buga ba alhakinsa a kanta yake ɗorawa. Ya dai girgiza kai. Sai ta koma leƙa shi da kanta ana sallamewa, amma fatar ƙugunsa ta riga ta saluɓe, gyambo ya buɗe. An kawo ma'aikacin asibiti ya wanke ya ba da magani, ciwon ya ƙi rufewa. Zazzaɓi ya biyo baya. Kafin gero ya fid da kai, Sha'aban ya cika, da rana tsaka, kansa a kan cinyarta tana ɗiga masa ruwa.

Aka yi zaman makoki aka watse, Zulaihatu ta shiga takaba. Ummu Salma ta bar mata komai a gyare kafin ta koma. Kamaruddeen ya ɗauki 'yan ƙwadago su kula da gona, ya kai awakin gidan baffansa. Ya ce mata yanzu sai ta huta, ta yi ibadarta yadda take so, ba mai damunta. Mata masu zuwa gaisuwa ma haka suke faɗa, cewa ta yi jinya ta samu lada, saura ta fuskanci Allah.

Ta kuwa fuskanta. Ta wanke dardumarta, ta zauna bayan asuba, ta zauna bayan la'asar, wani lokaci ta wuni a wurin. Bakinta yana motsi, yatsunta suna tura carbi, amma zuciyar kamar busasshiyar rijiya. Ba kowa a gidan, ba abin da ke kiranta, duk da haka kunnenta yana can ɗakin da aka kulle. In kaza ta taka murfin tukunya sai ta zabura ta miƙe, sai ta kai bakin ƙofa ta tuna. Hannuwanta suka rasa abin yi, suka dinga yi mata nauyi a kan cinya. Ta ƙara yawan wuridin, ta haɗa da azumin Litinin da Alhamis, ba abin da ya sauya sai rama. Ta fara zargin an rufe mata ƙofa ne saboda safiyar nan, ta yi ta istigfari, shi ma a baki yake tsayawa.

Can ƙetaren gonarsu akwai gidajen mutanen da kakanninsu suka yi addinin gargajiya, yanzu yawancinsu Kiristoci ne. Iyakar gona ɗaya suke da su tun zamanin iyaye, ana gayya tare, ana zuwa wa juna suna da makoki. Wata rana da hantsi Keziah, matar ɗaya daga cikinsu, ta yi sallama. Ta riga ta zo gaisuwa tun ranar uku, don haka Zulaihatu ta san da magana a bakinta. Bayan sun gaisa, Keziah ta ce surukarta ce, Iya Susanna, ta faɗi a banɗaki ƙugu ya goce, ga tsufa, yanzu tana kwance ba ta motsi. Ta ce duk sanda ta zo juya ta sai tsohuwar ta yi ta ihu, ita kuma bayanta ya riƙe, ga fatar tsohuwar ta fara ja.

"Inna, na san kina cikin takaba, ba cewa na yi ki zo ba. Ki dai nuna mini yadda kike yi wa Malam."

Zulaihatu ta fara kwatantawa da baki, ta ga abin ba ya shiga. Sai ta ajiye carbi, ta ce wa Keziah ta kwanta a tabarma ta saki jiki kamar marar lafiya. Ta durƙusa a gefenta, ta lanƙwasa mata gwiwa ɗaya, ta ɗora mata hannu a ƙirji, ta zura nata hannun ƙarƙashin kafaɗa, ɗayan a ƙugu. Jikinta ya san aikin, bai jira ta ba. Tana jawo ta sai ta ji bakinta yana cewa, "Bismillahi, ya Laɗifu. Sannu Malam, sannu."

Ta tsaya cak, Keziah na jingine a hannunta. Haka take faɗa duk sanda za ta juya shi, safe da rana da yamma, ba ta taɓa lissafa shi cikin wuridi ba. Kuma ba ta taɓa faɗarsa hankalinta na wani wuri ba, don in ta yi sakaci zai suɓuce mata. Duk tsawon jinyar tana kiran sunan Allah da dukan ƙarfinta, tana kuma kukan an hana ta kiransa. Shi kuwa ya tafi yana ganin shi ne shingen.

Kukan da ba ta yi ba ranar rasuwa shi ya zo mata. Keziah ta tashi zaune ta riƙe ta. Da ta lafa, Zulaihatu ta share fuska da gefen mayafi, ta ce su sake daga farko. Ta nuna mata inda ake cusa matashi, da yadda ake busar da fata kafin a shafa mai. Ta shiga ɗakin da ta daɗe ba ta buɗe ba, ta ɗauko ledar shimfiɗa da ragowar man kaɗanya ta ba ta.

Sauran kwanakin takabar ba su yi sauƙi ba. Ta ci gaba da zama bayan asuba, zuciyar wata rana ta ɗan motsa, yawanci shiru. Keziah takan biyo ta ba ta labarin jikin tsohuwa, wani lokaci ta zo da gyaɗa su ɓare tare.

Ranar da ta fita takaba Kamaruddeen ya zo da mota. Ya ce ya gyara mata ɗaki a gidansa na Kano, ga famfo, ga masallaci a bakin layi, ba za ta ɗaga ko tsinke ba. Ta yi masa addu'a, ta ce ya bari tukuna. Ya yi ta lallashi, ya ce me ya rage mata a nan ban da kaɗaici. Sai ta ce a dawo mata da awakinta. Ya tafi ransa ba daɗi.

Washegari ta idar da salla, ta ja abin da ya sawwaƙa, ta sa carbin a aljihu tun rana ba ta fito ba. Ta bi ta cikin gona, karan gero duk an tattare, ƙasa ta bushe, ta isa gidan su Keziah. Ɗakin tsohuwar yana warin da ta sani. Iya Susanna ta ƙanƙance, hankalinta ya fara gushewa, gyambon da ake gudu ya riga ya buɗe a ƙugu ɗaya. Zulaihatu ta duba shi ta san ba mai rufewa ba ne. Ta naɗe hannun riga, ta ce a kawo ruwan ɗumi.

Tana goge mata baya tsohuwar ta buɗe ido, ta ƙura mata, ta kira ta Ladi. Keziah ta raɗa mata cewa sunan 'yarta ce da ta rasu tun da daɗewa, ta buɗe baki za ta gyara wa tsohuwar. Zulaihatu ta ɗaga mata hannu.

"Na'am, Iya," in ji ta. "Ga ni. Ɗan saki jikinki, zan juya ki."