Baƙon Iyatu Ba Ya Cin Shinkafa

Ranar da motar asibiti ta zo ɗaukar Madam Dolores, karyewar ƙugunta ba ta dame ta ba kamar kejin da ke ƙuryar ɗakinta. Shekara uku ke nan Iyatu tana kula da tsohuwar, kullum da safe ta taso daga unguwar Parkchester ta yi mata wanka, ta ba ta magani, amma ba ta taɓa yarda hannunta ya kai ga abin da ke cikin kejin ba.

Tsohuwar ta riƙe mata hannu ta ce, "Ki tafi da Pepito gidanki. Ɗana zai zo daga New Jersey ran Lahadi ya karɓe shi."

Ba yadda Iyatu ta iya. Ta kai kejin falonta, ta jawo kujera ta zauna tana kallon ikon Allah. Dabba ce doguwa siririya kamar tunku, da baƙin zane a idanu kamar an cika mata kwalli, ga ɗan wari irin na bodari. Turawa na ce mata feret. In Pepito ya yi barci sai ya saki jiki kamar tsumma, har sai da Iyatu ta zungure shi da muciya don ta tabbatar yana da rai.

Abincinsa wasu 'yan ƙwayoyi ne busassu da tsohuwar ta juye a gwangwani marar rubutu, kuma kwana biyu suka ƙare. Iyatu ta zuba masa shinkafa da miya, ya shinshina ya juya baya. Ta yanka masa ayaba, ya ƙi. Da ta ba shi madara ya lashe tas, ta ji daɗi, amma kafin la'asar zawo ya kama shi, ya kwanta lakwas.

Hankalinta ya tashi, ta sa hijabi ta nufi shagon Habibou, mahaucin nan mutumin Maraɗi da take sayen nama a wurinsa. Ta nuna masa hoton a waya.

"Af, ai fure ne," in ji Habibou.

"Wane irin fure kuma, Malam Habibou? Abu mai ƙafa huɗu?"

Ya yi dariya. "Haka sunansa yake da Faransanci, Hajiya. A littafi kawai na taɓa ganinsa, a lakwal, wato makarantar boko. Kina da hoton bakinsa?"

Akwai wanda ta ɗauka yana hamma. Habibou ya goge hannu ya ƙura wa hoton ido.

"Ni dai ba likita ba ne, amma haƙori ba ya ƙarya. Tunkiya turamenta masu faɗi ne, na niƙa. Wannan dubi fiƙoƙinsa, na baya ma duk tsini ne kamar almakashi. Wannan nama yake ci."

Ya ƙulle mata zuciyar kaza da cinya guda. Ta dawo da murna, ta yayyanka ta ajiye masa. Pepito ya zagaya kwanon sau biyu, ya koma ya kwanta.

Wannan ya ɗaure mata kai. Mai haƙoran nama ya ƙi nama? Sai ta tuna da Adwoa, 'yar Kumasi da ke hawa na ƙasa, wadda ke aiki a asibitin dabbobi, kuma Hausar Zango ce a bakinta. Ta sauka ta ƙwanƙwasa mata, suka hau tare.

Adwoa ta ɗaga Pepito, ta duba dasashinsa, ta ɗan ja fatar wuyansa ta saki. "Bai galabaita ba tukuna, Anti. Amma kar ki ƙara ba shi madara, cikinsa ba ya narkar da ita. Zaƙi ma guba ne gare shi, da 'ya'yan itace da hatsi duka. Hanjinsa gajere ne, abin da ya ci cikin awa uku ko huɗu ya fita. Shi ya sa yake ci kaɗan-kaɗan yini guda, kuma ba a barinsa da yunwa."

"To me ya hana shi cin kazar?"

"Abin da ya saba ci tun yana ƙarami shi kaɗai ya sani a matsayin abinci. Wannan bai san kaza abinci ba ce."

Iyatu ta riƙe baki. "Kamar tsohon da aka kawo daga gida, in ba tuwo ba bai ci abinci ba."

Adwoa ta sauka ta hauro da abincin 'yan kyanwa mai yawan nama, ta jiƙa shi da ruwan ɗumi a cikin tsohon gwangwanin don ya ɗauki ƙanshin da ya sani. Ta fasa ƙwai, ta lakuto gwaiduwa ta shafa masa a leɓe. Ya lashe don ya goge bakinsa, ya tsaya, sai ya biyo yatsanta. Daga nan ya sa kai a kwano.

A bakin ƙofa Adwoa ta rage murya. "Kin san doka ta hana ajiye irinsa a cikin birnin nan? A New Jersey ana barinsa in an nemi izini. Gara da ɗan tsohuwar zai tafi da shi can."

Kwana uku Iyatu tana ƙara masa nikaƙƙiyar kaza kaɗan-kaɗan a cikin jiƙon. Ta lura in ya ƙoshi yakan yi tsalle a karkace, baki buɗe, yana cin karo da ƙafar tebur. Da farko ta ɗauka farfaɗiya ce, Adwoa ta ce mata murna ce. Ran Asabar ya ɗauki zuciyar kaza sukutum daga tafin hannunta.

Da ɗan tsohuwar ya zo, Iyatu ta tsare shi a tsaye ta karanta masa abin da za a ba Pepito da abin da ba za a ba shi ba, ta sa ya rubuta a waya. Washegari ta je duba Madam Dolores, ta ba ta labari duka. Tsohuwar ta amsa cewa kullum takan gutsura masa biskit in tana shan shayi.

"To daga yau an daina," in ji Iyatu, tana gyara mata filo.

Da ta dawo gida ta tsaya a ƙofar Adwoa, ta tambaye ta ko a wurin aikinsu akwai hoton cikin irin wannan dabba, don tana so ta ga hanjin nan da idonta. Adwoa ta ce ta zo ran Alhamis, lokacin hutun rana.